Idan Mai Gona Ya Ce "Ba Haka Muka Yi Ba": Yadda Mai Tarakta Zai Karɓi Haƙƙinsa

Duk wanda ya taɓa ba da hayar tarakta a jihar Kaduna ya san makon da nake nufi. Ruwa ya sauka sosai a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ƙasa ta jiƙu, waya ba ta hutawa, daga Soba har Giwa, daga Pambegua har Saminaka, kowa so yake a shiga gonarsa yau ba gobe ba. A cikin wannan hanzarin ake yin jinga a tsaye a bakin hanya, da kalma biyu ko uku. Sai an gama aiki, man gas ya ƙone, direba ya yi futu-futu da ƙura, ka faɗi kuɗi, mai gona ya dube ka ya ce, "A'a, ba haka muka yi ba."

Na yi shekaru ina riƙe da lissafin taraktar gidanmu, kuma abin da na gani shi ne yawancin masu musun nan ba macuta ba ne. Akwai macuta, ban ce babu ba, amma su ne 'yan kaɗan. Sauran kuwa wani abu guda ne ya tsaya musu a rai: girman gona, ko kyawun aikin, ko farashin da dillali ya gaya musu, ko kuma kuɗin ne babu, kunya ta hana su faɗa. Ruwa ba ya tsami banza. Aikinka shi ne ka gano wannan abu gudan, domin kowanne da maganinsa, kuma wanda ya yi wa rashin kuɗi maganin rashin gaskiya zai rasa kuɗin ya rasa mutumin.

Mataki na farko: kada a yanke magana a bakin gona

Lokacin da aka fara musu, kowa a gajiye yake, rana ta yi, ga 'yan ƙwadago da yara sun kewaye ku suna sauraro. Dattijon da ya ce gonarsa eka biyar ce a gaban 'ya'yansa ba zai janye ba ko da ya gane ya yi kuskure. Don haka abu na farko shi ne ka janye direbanka. Shi ya sha wahalar, shi ne kuma rabonsa ke cikin kuɗin, bakinsa zai fi naka zafi. Ka ce ya tafi gona ta gaba, tarakta ba ta tsayawa jiran gardama a irin wannan mako.

Kai kuma ka sassauta murya. In ya girme ka, ka ce, "Baba, ba za mu yi jayayya da ku a nan ba. Ku huta, gobe bayan la'asar zan zo gida mu duba lissafin tare." In sa'anka ne, "Malam, bari mu bar shi zuwa gobe, ni ma in duba littafina." Ka faɗi rana da lokaci. "Za mu yi magana" kawai ba alkawari ba ne, hanyar da bashi ke bi ya kwana har shekara ke nan.

Abubuwa biyu kada ka kusance su. Na ɗaya, barazanar da wasu direbobi ke yi cewa za su koma su baje kunyoyin da suka yi. Ranar da aka aikata haka, magana ta tashi daga bashi ta koma ɓarnar dukiya, kai da kake bin kuɗi ka zama wanda ake tuhuma. Na biyu, riƙe babur ɗinsa ko buhun takinsa da sunan jingina ba da yardarsa ba. Ba ka da wannan ikon, kuma duk wanda za a kai wa maganar daga baya, da wannan zai fara.

Mataki na biyu: a daren nan ka haɗa abin da ke hannunka

Ka zauna da direba ku biyu, ka tambaye shi ba tare da faɗa ba. Ƙarfe nawa ya shiga, ƙarfe nawa ya fita? Haro, wato farfasa ƙasa da faifan tarakta, sau ɗaya ya yi ko sau biyu? Ya yi huɗa a duk gonar ko ya bar wani gefe? Akwai wanda ya ce masa ya ƙara da ɗan fegin da ke maƙwabtaka? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, don sau da yawa ƙanen mai gona ko ɗansa ne ke cewa "shigar mana nan ma," direba ya shiga, mai biyan kuɗi kuwa bai sani ba.

Ka rubuta litar man da aka zuba. In taraktarka na da agogon awa, ka duba, amma ka sani a tsofaffin taraktoci irin su Massey Ferguson na da, agogon yana bin juyawar inji ne, ba agogon hannu ba, saboda haka awarsa ba lallai ta yi daidai da awar da mai gona ya ƙirga ba. Kada ka kafa hujjarka a kansa shi kaɗai.

Sai ka koma waya. Saƙon murya na WhatsApp da aka yi ciniki a ciki, saƙon banki na kafin alƙalami, hoton gonar kafin a shiga in akwai. Kada ka goge komai. Idan ta hannun dillali aikin ya zo, ka kira shi a daren, ka tambaye shi kai tsaye nawa ya faɗa wa mai gona. Na sha ganin inda dillali ya rage farashi da bakinsa don kada aikin ya kuɓuce masa, ya ci la'adarsa, ya bar mutum biyu masu gaskiya suna zargin juna. In haka ta faru, da dillali kake da magana, ba da manomi ba.

Mataki na uku: ka bar shi ya faɗi inda ya tsaya

Ka je gidansa kamar yadda ka ce. Ku gaisa sosai, a tambayi iyali, a tambayi damina. Sannan ka ce, "Alhaji, na zo ne in ji ta bakinku. A cikin lissafin nan, wane wuri ne bai kwanta muku ba?" Ka yi shiru. Kada ka katse shi ko da ya faɗi abin da ka san ba haka ba ne. In ya gama, ka maimaita masa abin da ka fahimta: "Wato farashin kowace hekta ba ku musa ba, yawan hektar ne kuke ganin an ƙara?" Da ya ce e, rabin rigimar ta mutu, domin yanzu abu ɗaya ya rage a tsakaninku, kuma abu ne da ake iya aunawa.

Idan a kan girman gona ne

A nan zan daɗe, don nan ne mafi yawan rigima ke fitowa. Mutanenmu suna faɗin eka, hekta da kadada kamar abu ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Eka kuwa kusan murabba'in mita 4,047 ce. Ke nan hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, 2.47 in ana son daidai. Kalmar kadada ita ce ta fi rikitarwa, wani in ya faɗe ta eka yake nufi, wani hekta. In kana so ka kwatanta wa mutum da abin da ya sani, filin ƙwallo na manya bai kai hekta ba, kusan kashi 7 cikin 10 ne nata.

Ga kuma wani abu: yawancin gonakin gado ba a taɓa auna su ba. Adadin da mutum ke faɗa, daga bakin mahaifinsa ya ji, shi ma daga nasa. A tsakani an share daji an ƙara, an sayi na maƙwabci an haɗe, adadin bai canja ba a baki.

Wata shekara mun yi wa wani dattijo haro a wani ƙauye da ke hanyar Zariya zuwa Jos. Ya rantse gonarsa eka biyar ce, direbana ya ce man da ya ƙone ba na eka biyar ba ne. Washegari da safe na zo da igiya mai mita 50, na miƙa wa babban ɗansa kai ɗaya, na ce shi zai riƙa ƙirgawa da ƙarfi, ni ba zan ce komai ba. Dattijon yana biye da mu da sandarsa, raɓa ta jiƙa masa bakin wando. Tsawo ya ba da igiya huɗu, mita 200. Faɗi ya ba da igiya uku, mita 150. Na tsuguna na rubuta a ƙasa da tsinke: 200 sau 150, murabba'in mita 30,000, hekta 3, wato eka bakwai da kusan rabi. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa taki ba ya isa ta." Bai ƙara musu ba. A ranar na gane shi ma adadin nan ya daɗe yana cutar sa.

Dubi abin da bambancin ke yi wa kuɗi. A ce, misali, kun yi jinga a kan naira 40,000 kowace hekta. Eka biyar hekta biyu ce da ɗan ɗigo, kusan naira 80,000 ke nan a ransa. Hekta uku kuwa naira 120,000. Babu wanda ya yi ƙarya, amma naira 40,000 na tsakaninku.

Yadda za ka yi awon: tare da shi ko wakilinsa, ba kai kaɗai ba. In gonar ba murabba'i ba ce, ku raba ta gida-gida, ku auna kowane yanki, ku haɗa. In manhajar awon fili ta waya za ka yi amfani da ita, ka ba ɗansa wayar ya riƙe, ku zagaya kan iyaka a ƙafa a hankali, sau biyu, domin waya tana iya kaucewa da 'yan mitoci, kuma a ƙaramar gona wannan kaucewar tana da tasiri. Sannan ka yi adalci: abin da faifan haro ya taɓa shi ake biya. Dutse, suri, gindin ɗorawa ko kaɗanya da aka kewaye, kwarin da tarakta ba ta shiga ba, duk ka cire su da bakinka kafin ya roƙa. Kuma kafin a ja igiya ku yi magana: duk abin da awo ya nuna, shi za a bi, ko ya ƙaru ko ya ragu. In ya nuna kai ne ka ƙara, ka rage nan take a gaban mutane.

Idan a kan kyawun aikin ne

Gani ya kori ji. Ku je gonar kafin wani ruwan ya sauka ya shafe shaida. Ka soka sanda a wurare da dama ka ga zurfin da faifai ya shiga. Ka duba ko akwai layin da aka tsallake ciyawa na tsaye, ko kusurwoyin da direba ya yanke don sauri, ko kunyoyin da suka karkace har ruwa zai kwanta a tsakaninsu. Direban da ke da gona shida a gabansa yakan yi gudu, mu da ke cikin sana'ar mun san haka.

In laifin naku ne, kada ka kare direba don kawai naka ne. Ka zaɓa masa ɗaya cikin biyu: a dawo a gyara wurin a rana kaza ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko a yi rangwame gwargwadon wurin da ya ɓaci. Gyara ya fi, in lokacin shuka bai ƙure ba. In kuwa ƙasar ce fako, ko shi ya matsa a shiga kafin ruwa ya ratsa ta, ko ya ce haro ɗaya ya ishe shi don ya rage kuɗi, to ka tuna masa da hakan cikin ladabi. Haro ɗaya ba ya ba da abin da haro biyu ke bayarwa.

Akwai kuma ɓarnar da kututture ko dutsen da ke ɓoye ke yi wa faifai ko taya. In ba ku yi magana a kan wannan tun farko ba, shawarata kada ka ɗora masa a lissafi bayan an gama. Zai ga kamar ƙari ka ƙirƙiro, kuma zai sa ya yi shakkar sauran lissafin da ke daidai.

Mataki na huɗu: karɓi abin da ba a musu a kai

Wannan kuskure ne da zuciya ke sa mutane yi: "Ko ka ba ni duka ko ka riƙe." Kada ka yi haka. In ya yarda da naira 80,000 kai kana neman 120,000, karɓi 80,000 ɗin yau. Man gas na gobe ba ya jira. Amma ka rubuta a takarda, kowa ya riƙe kwafi: an karɓi kaza a matsayin wani ɓangare na kuɗin aiki, saura kaza ana kan magana. Kalmar "wani ɓangare" kada ta faɗi, don in babu ita, gobe za a ce ka karɓa ka sallama. In ta banki ya turo, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, kada ka dogara da hoton rasit ɗin da aka nuna maka a waya.

Idan kuɗin ne babu

Za ka gane wannan ta yadda hujjarsa ke canjawa. Yau girman gona, an auna, gobe zurfin haro, an duba, jibi wata magana. A watan Yuni manomi ya sayi iri, ya sayi taki da maganin feshi, rumbu ya yi ƙasa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka keɓe shi, ba a gaban iyalinsa ba, ka buɗe masa ƙofa: "Yaya, in lokaci ne ya matse, ku faɗa mini, mu san yadda za mu tsara." Sau da yawa za ka ga kafaɗarsa ta sauka.

Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, kuma aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo, ita ce ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ka riƙe biyun tare. Ku sa rana, ko a raba biyan gida biyu ko uku, ko a kai shi kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba in masara ta shigo. Kada ka ƙara ko kwabo saboda jinkiri, wannan riba ce. In da hatsi zai biya, bashin ya zauna a naira yadda yake, ranar biya a kimanta buhu da farashin kasuwa na ranar, ku kuma ambaci kasuwar da za a bi, Saminaka ce ko Giwa ko wadda ta fi kusa da ku. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga ɓangarensa.

Mataki na biyar: shigo da na uku

In an auna, an duba, an ba da lokaci, har yanzu yana kewaye-kewaye, to lokacin manya ya yi. Ka fara da wanda yake jin nauyinsa: yayansa, limamin unguwarsu ko fastonsu, shugaban ƙungiyar manomansu, sarkin noma. In bai yiwu ba sai mai unguwa, sannan dagaci. Ka gaya masa kafin ka je, kada ya ji daga sama: "Malam, tunda mun kasa daidaitawa, zan roƙi mai unguwa ya saurare mu." Wannan jimla kaɗai takan fito da kuɗi.

A gaban manya ka taƙaita. Ranar aiki, abin da aka yi jinga a kai, abin da awo ya nuna, abin da aka biya, abin da ya rage. Kada ka kira shi macuci, kada ka tono tsohon zance. Ka kuma shiga da sanin cewa masu sulhu za su ce ka bar wani abu, don haka tun a gida ka yanke iyakar abin da za ka iya yafewa. Abin da aka tsayar a rubuta shi a wurin, da ranar biya.

Mataki na ƙarshe: hukuma

Da yawa suna garzayawa ofishin 'yan sanda. Ba wurinsa ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. In ka sa aka tsare shi, yana iya juyowa ya yi ƙararka a kan tauye masa haƙƙi. Sai fa in akwai laifi na daban, kamar rasit ɗin banki na jabu, ko duka, ko barazana ga direbanka.

Hanyar ita ce ka rubuta masa takardar neman biya, da adadi da wa'adi, kwana 14 misali, ka riƙe kwafi, a kai masa a gaban shaida. In wa'adi ya cika, ka shigar da ƙara. A jihar Kaduna akwai kotunan shari'ar Musulunci, akwai kotunan gargajiya, akwai na majistare, kuma rajistaran kotun da ke kusa da ku zai gaya maka wadda ta dace da adadin kuɗinka da kuma ku masu shari'ar. A gaban alƙali hujja tana kan mai da'awa, wato kai. Nan ne takardar awo, shaidun da suka ja igiya, da rasit mai cewa "wani ɓangare" za su yi maka aiki. Saƙonnin waya ma Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da su bisa sharuɗɗa, shi ya sa na ce kada ka goge.

Kafin ka je, ka yi lissafi da hankali, ba da fushi ba. Kuɗin shigar da ƙara, kuɗin mota, da ranakun da za ka bar tarakta ba mai kula. In cikon naira 15,000 ne, wataƙila ya fi maka ka rubuta sunansa a littafi ka wuce. In kuwa kuɗin aikin hekta goma ne, ko ka ga wasu sun zuba ido su ga ko za a ci naka a kwana lafiya, to ka je.

Kafin damina ta gaba

Ka sayi littafin rasit mai kwafi, ya zauna a akwatin tarakta. Kafin faifai ya taɓa ƙasa a rubuta sunan mai gona da wurin gonar, irin aikin, haro sau nawa, da huɗa ko babu, farashin kowace hekta da kalmar hekta a rubuce, girman da aka auna, wanda zai sayi mai, wanda zai ɗauki asarar kututture, kafin alƙalami da ranar ciko. In mutum ba ya karatun boko, a rubuta da ajami, ko a karanta masa a ɗauki amincewarsa a saƙon murya. Farashi kuma daga bakinka zai ji shi, ko da dillali ne ya kawo shi. Direba ya sani ba ya ƙara ko taku ɗaya a wajen abin da aka rubuta sai ya kira ka.

Shi kuwa wanda kuka yi rigimar da shi, in ya dawo baɗi, kuma yawanci sukan dawo, ka duba yadda ta ƙare. Wanda awo ya gamsar, ko wanda ya cika alkawarin kaka, ka karɓe shi kamar kowa. Wanda sai da aka kai gaban dagaci, ka yi masa aiki in kana so, amma a auna gonar tukuna, ya biya duka, sannan a tayar da inji.